Gonar Atamfa

Ranar wata Asabar ce a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu na haya da ke Makera ta cika da bokitai da bahunan da aka jera a ƙarƙashin indararo, ni kuma ina tsugune bakin rariya ina wanke-wanke, ina cike da haushin ƙannena da suka sulale wasa suka bar ni da tukunyar tuwon jiya. Sai na ji sallama da muryar da ba ta birni ba. Na ɗaga kai na ga Baba ya shigo da ƙullin kaya a kafaɗa, a bayansa wata doguwar tsohuwa tana laluben ƙasa da ƙafa kafin ta taka. Kakata ce ta wajen uba, wadda muke kira Iya, daga ƙauyenmu na ƙasar Funtuwa. Sunanta na ci, shi ya sa ba mai kiran sunana a gidanmu, Ummi ake ce mini. Duk kayanta ta bar wa Baba, ban da wani dogon abu da ta naɗe cikin tsohon zane ta rungume a ƙirji. Mahaifiyata ta durƙusa ta miƙa hannu za ta karɓa, Iya ta ce a bar shi. Da ta zauna ta sha ruwa, ta jawo ni ta kawo fuskata dab da idonta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Takwara, ashe haka kika ɓata mini suna da wannan hancin?" Kafin in gama tura baki ta ƙara da cewa, "Ce wa ubanki na iso lafiya. Yaushe zai kai ni gonar?"

Baba yana zaune a wajen, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Amma shi ne ɗanta na fari, kuma Iya irin matan dā ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye ko da ɗaki ɗaya suke. A ƙauye ƙanwarsa ce ke ɗaukar saƙo tsakaninsu, a Kaduna kuwa aikin ya faɗo kaina tun ban dauraye hannu ba. Na juya na maimaita masa abin da ya riga ya ji. Na ga ya dubi mahaifiyata, ita kuma ta tuna nan take cewa ta bar wani abu a kan wuta. Ya cire hula ya sosa kai ya ce in ce mata ta huta tukuna, akwai maganar asibiti a gaba.

Ni a lokacin ban ga abin sosa kai ba, domin kullum ina jin Baba yana cewa za shi gona. Gidanmu gidan ma'aikatan masaƙa ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, rigima kuma ba ta ƙarewa a kan wanda ya bar garwashi a hanya. Yawancin mazan gidan ƙauye suka baro, wasu daga arewa kamar Baba, wasu daga kudancin jihar kamar Baba Ishaya, mijin Maman Ladi, waɗanda ƙofarsu ke kallon tamu. Ban san wanda ya fara ba, amma duk cikinsu ba mai cewa za shi aiki. In jiniyar masaƙa ta yi kuka, sai ka ji ana ta karkaɗe kekuna ana cewa, "To, mu je gona." Matan ma sun ɗauka. In baƙo ya zo daga ƙauye bai tarar da Baba ba, mahaifiyata za ta ce ya tafi gona sai yamma, baƙon kuma ya koma gida da labarin yadda ya ji shi. Haka maganar ta riƙa isa kunnen Iya shekara da shekaru: ɗanta yana gona da damina, yana gona da rani, wani lokaci ma a can yake kwana. Da ya je gaishe ta da Sallah kuma ta ga ɓurɓushin auduga a hularsa da aljihun rigarsa, sai ta gama lissafinta, ta shiga gaya wa matan ƙauye cewa auduga yake nomawa a Kaduna, a wata ƙasa mai albarka da ba ta san rani ba. Baba ya san abin da ta ɗauka. Ya bar gida ne mahaifinsa yana fushi da shi don ya ajiye fartanya, kuma wannan labarin shi ne abu na farko da ya taɓa sa Iya ta yi alfahari da tafiyarsa. Ga shi babu zaman hira tsakaninsu da zai gyara maganar a hankali, sai ya bar ta haka.

Da yamma Iya ta kwance zanen a gabana. Zangarniyar dawa ce guda biyu, manya, sun yi baƙi da hayaƙin madafa inda take rataye su don kada ƙwari su ci. Ta ce irin kakana ne, kaurar da ya gada wajen nasa uban, mai jan ƙwaya da tuwonta ke kwana bai saki ba. Bayan rasuwarsa 'yan'uwan Baba sun koma irin da ake sayowa a leda, ita kaɗai ta riƙa shuka wannan a bayan ɗakinta tana ajiye zangarniya mafi kyau kowace kaka. Bana kuwa idonta ya hana ta bambance dawa da ciyawa, ta nome rabin shukar bara da hannunta ba ta sani ba. Don haka ta kawo wa babban ɗa amanar ubansa, ta ga an zuba ta a ƙasarsa tun tana iya ganin inda aka zuba. Ranar Litinin aka kai ta asibitin ido. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, ganin ne ke tafiya, magani zai rage masa sauri kawai. Motar ƙauyenmu da ke kawo hatsi kasuwa ita za ta koma da Iya a zuwanta na gaba, ruwa kuma ya riga ya zauna, masu shuka suna ta shuka. Baba kuwa ko taki ɗaya na ƙasa ba shi da shi a duk faɗin Kaduna.

Abin da yake da shi shi ne zagayen gari. A gidanmu duk baƙon da ya kwana sai Baba ya kai shi ya ga Kaduna, kuma mu yara mun haddace tsarin kamar karatun allo, mun san inda zai tsaya ya nuna da hannu da abin da zai faɗa. Wannan karon ya roƙi abokin aikinsa suka yi musanya, ya karɓi aikin dare don yini ya zama nasa, ya ce tunda ganin zai tafi, gara ya cika mata ido da abin da za ta riƙa tunawa. Na yarda da gaske yake, amma ko ni da nake yarinya na lura cewa kowace fita tana ƙara masa kwana ɗaya kafin a zo kan maganar. Ni ce sandar Iya. Da an tashi daga makaranta zan ruga gida ko 'yar carafken da muke yi a gindin dalbejiya ban tsaya ba, in cire kayan makaranta, ta dafa kafaɗata mu bi bayan Baba.

Tashar jirgin ƙasa muka fara zuwa, wadda ita ce alfaharin tsallakenmu na kogi. Baba ya nuna layin da ya yi kudu da wanda ya yi arewa, ya yi bayanin yadda ake sauya wa jirgi hanya. Iya ta saurari ƙugin kan jirgin ta ce lallai yana da murya, sannan ta tambayi abin da ke cikin taragun, da aka ce hatsi ne da shanu ta gyaɗa kai kamar an ba ta labarin dangi. Kashegari muka haye gada zuwa lambun shaƙatawar da ke bakin kogi, inda ake ajiye kada a wani rami mai shinge. Kadan yana kwance a rana baki buɗe. Iya ta leƙa ta leƙa ta ce, "Takwara, ce wa ubanki gungume ne aka ajiye ana ruɗin 'yan birni." Kamar ya ji ta, sai ya ja wutsiya ya sulale cikin ruwa, ta yi salati ta damƙe kafaɗata har sai da na yi ƙara. Ni lilo nake so, ita kuwa ciyawar wurin ce ta tsaya mata a rai. Ta cire takalmi ta taka, ta tona da ɗan yatsan ƙafa, ta tambayi dabbar wa ke cin wannan ciyawar. Da aka ce ba ta kowa ba ce, aske ta ake yi don mutane su zauna a kai, sai ta ce Allah ya shirya. A kan gada muna dawowa ta tsaya ta ce tana ganin haske mai faɗi, wato ruwan, tana kuma ganin kore-kore a gefensa. "Can ne?" ta ce in tambaya. Baba ya ce in ce mata na mutane ne.

Ranar Juma'a ya kai ta babban masallaci ta yi salla a sahun tsofaffi, ta dawo tana yaba sanyin daɓen. Ranar Lahadi kuma hanya ta bi da mu ta gefen cocin su Maman Ladi, matan suna ciki da anko suna waƙa suna buga tulu. Iya ta ja ta tsaya ta karkata kunne, ta ce, "Ashe da Hausa suke roƙonsa," ta saurara har aka kai ƙarshen baitin sannan ta yarda muka wuce. Wadda ba na mantawa ita ce tafiyar Mahuta. A tasha ta ji yaron mota yana ta kiran sunan, ta ce alhamdu lillahi, yau dai an tausaya wa ƙafarta za a kai ta inda ake hutawa. Muka sauka ba benci ba inuwa, sai jar hanya da 'yan gidaje jefi-jefi, Baba ya juya ta wajen matatar mai ya nuna mata harshen wutar da ke ci a kan dogon bututu. Hadari ya haɗo ta bayanta, don haka wannan kam ta gan ta sarai. Ya ce ba ta mutuwa, dare da rana, ko ana ruwa. Iya ta kalla ta kalla ta ce in tambaye shi me aka ɗora a kai. Da ta ji ba a ɗora komai ba sai ta ce a mayar da ita gida, ta ga wurin hutun da ba wurin zama da murhun da ba tukunya, ya ishe ta. Duk inda muka je, da mun juyo ƙarshen maganar ɗaya ne: gobe sai gonar? Baba kuma, da jajayen idanun wanda bai yi barci ba, ya ce in ce mata in Allah ya yarda.

Ana saura kwana kaɗan motar ta zo, da rana, ina zaune kusa da ita ina tsince shinkafa a faifai, yaran gida suna langa a ƙofar gida ina jin ihunsu raina yana can. Baba ya koma aikin safe a ranar. Iya ta ce, "Takwara, ke kin taɓa zuwa gonar nan kuwa?" Na ce sosai ma, ai ni ke kai masa abinci in ya manta, a bakin geti nake tsayawa. Ta ce gonar har da geti? Na ce da masu gadi ma. Ta ce, to me da me ake nomawa ban da auduga? Na ce, "Atamfa." Na faɗa ne da alfahari, har na kama gefen zanen da ke jikinta na ce wannan ma a can aka yi shi. Mahaifiyata da ke tankaɗe ta saki rariya. Iya ba ta yi faɗa ba, ba ta yi salati ba, ta dai riƙe gefen zanen nan tana murza shi tsakanin yatsu har na gama tsintar. Sannan ta ce in ɗauko mata mayafi, yau ba sai ubana ya kai ta ba, ni zan kai ta.

Mun isa Kakuri dab da canjin aiki. A bakin getin masaƙar masu abinci sun jera tukwane, masu lemo da rake da dafaffiyar gyaɗa sun kama wuri, masu shiga aikin yamma suna ta taruwa. Mai gadi ya san ni, ya ce baƙo ba ya shiga, amma ya kawo wa Iya benci. Ba ta zauna ba. Ta ce in kai ta jikin katangar, ta ɗora tafin hannunta a kai. Ni ma na ɗora nawa, na ji abin da ban taɓa lura da shi ba duk zuwan da nake yi: bangon yana rawa a hankali saboda injinan saƙa da ke bugawa a ciki. Sai jiniya ta ɗauka, aka buɗe geti, mutane suka ɓarko, kekuna kamar ba za su ƙare ba, kowa da farin ɓurɓushi a gashi da gira. Baba yana cikinsu yana tura kekensa yana dariya da Baba Ishaya, har ya hango mu. Ban taɓa ganin dariya ta bar fuskar mutum da sauri haka ba. Ya jingine keken ya zo ya durƙusa a gabanta cikin taɓo, mutane suna ratse shi suna wucewa. Iya ta juyar da kai gefe kamar yadda ta saba, ta ce, "Ce masa gonar tana da girma, na ji ta da hannuna. Ce masa kuma ban ga inda zan sa irin ubansa ba." Na buɗe baki in maimaita, kuka ya zo mini, domin a ranar na fara sanin cewa babba ma yana iya rasa inda zai sa kansa.

Da muka koma gida Baba ya shige ɗaki. Iya ta zauna a tsakar gida ta sa aka kawo mata ƙwarya, ta kwance zanen, ta kama murje zangarniyar da tafin hannu, ƙwayar tana zuba. Ta ce wa mahaifiyata a surfa a yi wa yara kunu da safe, irin da ba shi da ƙasa ai abinci ne, gara jikokin mai shi su sha da ƙwari su ci. Mahaifiyata ta tsaya da tabarya ta rasa yadda za ta yi, ba ta iya musa wa suruka, ba ta kuma iya ɗaga hannu a kan dawar. Maman Ladi tana bakin famfo tana wanke ganyen da za ta kai kasuwa, ta ji komai. Mace ce gajera mai ƙarfi da ba ta iya magana a hankali ba, kuma duk gidan ita kaɗai ce in ta ce za ta gona to gonar take nufi, don tana da fili a bakin kogi ta bayan Nasarawa da wani tsoho ɗan garin ya ba ta aro. Ta taso hannu na ɗigar ruwa ta dafe bakin ƙwaryar ta ce, "Haba Mama, abeg, kar ki yi haka! Wannan iri ne fa. Bar ni da Baban Ummi, ni zan ba shi kunya. Ba ɗaya ba ma, da yawa zan ba shi." Iya ta ɗago ta dube ta da ɗan ganin da ya rage ta ce, "'Yar nan, wadda ya sha yau ba ta ishe shi ba?" Sai da Maman Ladi ta sunkuya ta zana kunyoyin gona a ƙasa da yatsa sannan Iya ta gane. Dariya ta kama ta har da hawaye, ta kama mahaifiyata, ta kama duk matan da suka yi kamar suna shanya alhali saurare suke. Daga cikin ɗaki ma mun ji Baba ya yi tari irin na wanda dariya ta kuɓuce masa.

Da sassafe muka kama hanya, Maman Ladi a gaba da garma a kafaɗa, Baba da sungumin aro, ni da Iya a baya da ƙwarya. Muka ratsa Nasarawa ana buɗe shaguna, masu shayi suna hura wuta, muka bar gidaje muka gangara ta wata 'yar hanya mai santsi. Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a bayan unguwarmu ba, kuma ba ya cikin zagayen da Baba ke kai baƙi. Lambuna ne a jere har inda ido ya tsaya, alayyafo da yakuwa da kuɓewa, rake a bakin ruwa, mangwaro da gwaiba, masarar da ta kai gwiwa, can nesa kuma bututun masana'antun Kudenda suna hayaƙi. Mai kwalekwale yana tsallakar da mata da itace, balbelu suna bin wani mai huɗa. Iya ta tsaya ta ja numfashi, ta sunkuya ta ɗebi ƙasar ta murza ta sansana, ta ce ta fi tasu baƙi, dawar za ta yi tsawo fiye da kima amma za ta yi. A duk yawon da muka yi da ita, nan ne kaɗai ba ta ce a mayar da ita gida ba.

Maman Ladi ta nuna gefen da ta bari ba ta shuka ba, ta miƙa wa Baba garma tana tsokanarsa cewa ta ga ko hannun injin zai iya. Huɗar farko ta karkace, ta biyu ma haka, tafinsa ya yi bororo ya fashe kafin rana ta ɗaga. Amma daga nan bayansa ya tuna, ya daina kokawa da garmar, ƙasa ta riƙa kwantawa gefe da gefe yadda ya kamata. Da ya gama ya ɗauki sungumi yana sara, mu muna biye. Iya ba ta ganin ramukan, sai ta cire takalmi tana nemo su da ƙafa, ta jefa ƙwaya ta rufe da dunduniya, hannunta ɗaya a kafaɗata, bakinta yana motsi da addu'a. Ta ƙi yarda in taya ta jefawa sai a kunya ta ƙarshe, inda ta kama hannuna ta nuna mini yawan da ake ɗiba da yatsu uku. Da muka kai ƙarshe Baba yana tsaye ya dogara da sungumi, gumi ya jiƙa rigarsa. Iya ta karkaɗe ƙwaryar, ta ɗaga kai ta dube shi, shi kansa, ido cikin ido, ta ce, "Sannu. Ashe hannun bai manta ba." Ni da sabo na juya na fara, "Baba, ta ce…" Ya ce, "Na ji, Ummi." Ya juya ya fuskanci kogi ya daɗe a haka, Maman Ladi kuma ta samu wata ciyawa can nesa da take bukatar cirewa nan take.

Motar hatsi ta zo ta tafi da Iya. Kafin kaka ganin ya ƙarasa tafiya, don haka zangarniyar farko da Baba ya kai mata da hannu ta duba ta, ƙwaya ƙwaya, ta ce ta yi. Ba ta sake zuwa Kaduna ba, kuma ban ji ta sake yi masa magana kai tsaye ba har ta rasu. Baba bai bar kunyoyin nan ba. Yana tashi daga masaƙa ya wuce bakin kogi, har aka shiga ruɗani a gidanmu, in ya ce za shi gona sai an tambaye shi wacce. Ina makarantar sakandare masaƙun suka fara rage mutane, daga baya suka rufe ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru, masu abincin bakin geti suka watse. Shekarun nan sun yi mana tsanani, ba na son tuna su, amma ba mu taɓa kwana ba tuwo ba, kuma jan tuwo ne mai kwana bai saki ba. Gidan hayarmu ya watse shi ma. Zaman garin ya canja, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, su Maman Ladi suka tashi, muka koma gaisuwa a biki da rasuwa. Ina kewar matar nan da muryarta har yau.

Yanzu ni ke kai baƙi zagayen gari. 'Yan'uwan mijina in sun zo daga Zariya ko Kano wuraren wasan yara suke so, da manyan kantuna, da inda za a ɗauki hoto, ina kuma kai su da murna. Bakin kogin da muka yi shuka an yanka shi filaye, gidaje da masu buga bulo sun cinye lambunan, ko mangwaron da muke ajiye ruwa a gindinsa ban iya gane inda yake ba. Irin kakana yana nan, ƙanena yana shuka shi a bayan gidansa a Mahuta, ni kuma ina rataye zangarniya biyu a madafata duk da gas nake girki ba hayaƙin da zai tsare su. Daminar bara na bi ta Kakuri da ƙaramar 'yata, na ce wa mai Keke Napep ya tsaya a bakin tsohon getin. Rufin ya zube, tsatsa ta ci ƙarfen. Na ɗora hannu a katangar, ba abin da ke motsi. Ta cikin getin kuwa masu gadi sun huɗe duk filin da ake ajiye kekuna, masara da dawa sun fi mutum tsawo. Yarinyar ta ce, "Mama, nan ina ne?" Na ce mata gonar kakanta ce. Ta leƙa ta ga dawa, ta gyaɗa kai, ba ta ga abin tambaya ba. Na so a ce akwai wanda zan juya in maimaita wa.